Suna so a sayar da gidanmu a kai shi allurar gyaran ƙwayoyin gado

Assalamu alaikum Likita. Maigidana tela ne, shekararsa 44, yaranmu biyar. Ya fi shekara yana ganin jini a bahayarsa, ana ta ɗirka masa maganin basir, na kemis da na gargajiya, har ya rame ya zama abin tausayi. Da aka leƙa cikinsa da na'ura sai aka ce kansa ce a babban hanji. An yi masa aiki an yanke wurin, ya yi kemo sau huɗu, sai hoton da aka ɗauka watan jiya ya nuna tabo biyu a hantarsa. Likitansa ya ce za a sauya magani.

Yanzu yayansa, wanda muke kira Yaya Babba, ya haɗu da wani mutum a WhatsApp mai kai marasa lafiya ƙasar waje. Ya turo bidiyon wani asibiti da ke yin wani abu wai shi jin terafi, allura uku ce da ke gyara ƙwayoyin gadon mutum, kansar ta narke. Kuɗin dala dubu 45 ne, a ba da rabi kafin alƙalami, kuma a dakatar da kemo don wai yana ɓata jini. Ba mu da abin da zai kawo wannan kuɗi sai gidan da muke ciki. Da na ce a fara tambayar likitansa, sai Hajiyarsu ta ce gado nake hange. Shi kuwa ba a ma gaya masa ciwon ya kai hanta ba. Wallahi in maganin gaskiya ne na yarda mu kwana a titi. Don Allah ki gaya mini, akwai wannan magani?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Amsar tambayarki gida biyu ce. Binciken gyaran ƙwayoyin gado don yaƙar kansar hanji da tumbi da hanta gaskiya ne, manyan masana suna kansa, kuma an fara ganin alamun nasara. Amma abin da mutumin WhatsApp yake tallatawa, allura uku kansa ta narke, bai yi kama da wannan bincike ba ko kaɗan. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, hukumomin kula da magunguna na Amurka da na Turai ba su amince da wani maganin gyaran ƙwayoyin gado na kansar babban hanji ba, ko guda ɗaya. Kada a ba shi ko sisi, kada kuma a dakatar da kemo. Zan yi miki bayanin dalili da ɗan tsawo, domin ke ce za ki zauna gaban Yaya Babba, kuma "Likita ta ce a'a" ba zai ishe ki hujja ba.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai wani dogon rubutu da ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta mutu ta ba wata wuri. Sassan wannan rubutu su muke kira ƙwayoyin gado. Duk sanda ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun gaba ɗaya, kuma kin san halin mai kwafi: wata rana ɗigo ɗaya zai faɗi, ma'ana ta juye. Bangon hanji yana sabunta kansa cikin 'yan kwanaki, saboda haka kwafin da ake yi a wurin ba kaɗan ba ne. Idan kurakurai suka taru a wurare masu muhimmanci, sai a samu ƙwayar da ba ta jin "tsaya". Kansa ke nan. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira KRAS, wadda idan ta lalace take zama kamar famfon da aka buɗe kansa ya karye. Ana samunta a lalace a kusan kashi 40 cikin 100 na masu kansar babban hanji, da fiye da kashi 90 na masu kansar fankiriyas, wato gaɓar nan da ke samar da insulin.

To sai masana suka ce, tunda daga rubutu ɓarnar ta taso, me zai hana a bi ta rubutu? Wasu suka ɗauko ƙwayar cutar bairos suka cire mata dafi suka ɗora mata saƙo ta kai cikin ƙarin. Wasu suka sarrafa bairos ɗin yadda zai riƙa shiga ƙwayoyin kansa yana fasa su. Hanyar da ta fi tasiri zuwa yanzu ba ta ma taɓa rubutun kansar ba: ana ɗebo sojojin jikin majinyaci daga jininsa, a kai su ɗakin gwaji, a ƙara musu ƙwayar gadon da za ta sa su gane wata alama a jikin kansar, a hayayyafa su, a mayar masa. Ita ake kira CAR-T.

A kansar jini wannan dabara ta yi abin mamaki. A 2012 wata yarinya 'yar shekara 6 mai suna Emily Whitehead, wadda magunguna suka gaza a kanta, ta zama yaro na farko da aka yi wa a wani asibitin yara a Filadelfiya, kuma ta warke ta girma. A 2017 Amurka ta amince da maganin da sunan Kymriah, a kan dala dubu 475. Ki riƙe wannan adadi. Haka a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayoyin gado na masu sikila, ciwon da babu unguwar da ba ta san shi ba a ƙasar nan, kuma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Irin waɗannan labarai na gaskiya su 'yan damfara suke jingina da su.

Abin da ba sa faɗa shi ne kansar jini daban, ta hanji daban. Ƙwayoyin kansar jini yawo suke a fili, kusan duk da riga iri ɗaya, soja na ganin su zai gane. Ko da ya haɗa da masu lafiya da ke sanye da wannan riga, jiki yana iya jurewa, a riƙa cike giɓin da ƙarin magani. Ƙarin da ke hanji ko hanta kuwa gari ne mai ganuwa. Shigarsa da wuya, iskar da ke ciki ba ta da yawa, yana fitar da sinadaran da ke kashe wa soja jiki, sannan mazauna cikinsa ba riga ɗaya suke sawa ba. Mafi muni, alamun da ke jikinsu akan same su a jikin lafiyayyen hanji ko huhu. A 2010 masana a Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 39 mai kansar babban hanji da aka ƙara wa irin waɗannan sojoji. Cikin minti 15 numfashinta ya sarƙe, domin sun far wa huhunta, bayan kwana 5 ta rasu. A shekarar da ta biyo baya cibiyar ta ba da rahoton gwada wata alamar a kan mutum 3, dukansu suka kamu da mummunan kumburin hanji. Ta ɓangaren bairos ma an sha ƙasa: wani magani mai suna TNFerade ya faɗi a babban gwajin kansar fankiriyas a 2010, wani kuma mai suna Pexa-Vec aka tsayar da gwajinsa na kansar hanta a 2019 da aka ga ba zai kai ko'ina ba.

Ban kawo waɗannan don in kashe miki gwiwa ba, domin 'yan shekarun nan an motsa. A 2022 likitoci a birnin Fotlan na jihar Oregon suka buga labarin wata mata 'yar shekara 71 mai kansar fankiriyas da ta bazu zuwa huhu. An koya wa sojojin jikinta gane lalatacciyar KRAS, cikin wata 6 ƙarin ya ragu da kashi 72 cikin 100. Amma mutum na biyu da suka yi wa irin wannan bai tsira ba. A 2024 ƙungiyar Dokta Steven Rosenberg na Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka ta ba da rahoton gwada makamanciyar dabarar a kan mutum 7 masu irin ciwon maigidanki, kansar babban hanji da ta bazu. Ƙarin ya ragu a jikin 3, na wasu watanni. A 2025 Jami'ar Minesota ta fitar da sakamakon mutum 12 da aka ciro sojoji daga cikin ƙarinsu, aka goge musu wata ƙwayar gado mai suna CISH wadda ke taka musu birki. Mutum ɗaya kansarsa ta ɓace, fiye da shekara 2 ba ta dawo ba. Ɗaya cikin 12. A idon mai bincike wannan babban albishir ne. A idon mai shirin sayar da gida, sauran 11 ɗin ya kamata ya fara dubawa.

Wani babban gwajin CAR-T kuma a Sin aka yi shi, a kan kansar tumbi, aka buga shi a mujallar Lancet a 2025. Mutum 156 ne da magunguna aƙalla iri biyu suka riga suka gaza a kansu. Waɗanda aka ware wa CAR-T, a tsaka-tsaki ciwon ya tsaya cik na wata 3 da 'yan kwanaki, sauran kuwa bai kai wata 2 ba. Tsawon rayuwa kusan wata 8 ne a kan wata 5 da rabi. Kusan duk wanda aka ƙara wa sojojin sai da ya yi zazzaɓin da garkuwar jiki ke tayarwa idan ta harzuƙa. Masana sun yi murna da wannan sakamako, kuma sun cancanci murna. Amma ki auna shi da "allura uku ta narke".

Ki kuma lura da yadda na gaskiyar yake tafiya. Sai an gwada tsokar ƙarin an tabbatar tana da alamar da ake nema, in babu ba a ɗaukar mutum. Sai an ɗebi jini ko an yanko ƙarin, an yi makonni ana renon sojojin. Sannan, kuma nan nake so Yaya Babba ya kasa kunne, kafin a mayar da su sai an yi wa majinyaci kemo mai ƙarfi don a share musu wuri. Wato maganin da mutumin ya ce kishiyar kemo ne, da kemo ake buɗe masa ƙofa. Bayan haka ana kwantar da mutum a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman. Kuma a gwajin bincike na ƙwarai yawanci ba a sayar wa majinyaci maganin da ake gwadawa, shi ne ma yake taimakon masu binciken, ko da yake kuɗin tafiya da masauki da wasu hidimomin asibiti kan hau kansa. Wanda ya yanka farashi, ya nemi rabi, alhali bai ga sakamakon tsoka ba, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ni abin da ya fi ba ni haushi a saƙonsa ba kuɗin ba ne, cewar a dakatar da kemo ne. Ana iya sake gina gida. Wata biyu ko uku da kansa za ta samu babu mai tare ta, a lokacin da tabon hanta biyu ne kacal, ba su dawowa.

Yanzu ga inda maganar ƙwayoyin gado za ta iya amfanar maigidanki a yau, kuma ban ga kin ambace shi a wasiƙarki ba. Tsokar da aka yanke lokacin aiki ba a zubar da ita duka, ɗakin gwaji yana ajiye wani yanki a cikin kakin da aka daskarar. Ki tambayi likitansa ko an yi wa wannan tsoka gwaji biyu: na MSI, wanda wasu ke rubutawa MMR, da na KRAS da 'yan uwanta NRAS da BRAF. Ki rubuta haruffan a takarda ki miƙa masa, zai gane. In ba a yi a asibitinku, ana aika tsokar wani ɗakin gwaji, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar abin da mutumin WhatsApp yake nema ba.

Na farkon yana nuna ko kansar tana cikin irin da ma'aikatan gyaran kuskuren kwafi suka daina aiki. Irin wannan kansa kurakuranta sun yi yawa har ta fita daban a idon sojojin jiki, sai dai ta ɗaure musu hannu. Akwai magungunan da ke kwance ɗaurin. A wani gwaji na mutum 307 masu irin wannan kansa da ta bazu, waɗanda aka ba pembrolizumab ciwonsu ya tsaya na wata 16 da rabi a tsaka-tsaki, masu kemo kuwa wata 8 da ɗoriya, kuma Amurka ta amince da shi a matsayin maganin farko a 2020. A 2022 wani asibitin kansa a birnin Niyok na Amurka ya ba da rahoton mutum 12 masu irin wannan kansa a dubura, da aka ba ɗan uwan maganin mai suna dostarlimab, duka 12 aka nemi ƙarin aka rasa. Wannan ba gyaran ƙwayoyin gado ba ne, karanta su ne a zaɓi maganin da ya dace. A ƙasashen Turawa kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na masu kansar da ta bazu suke da wannan iri. Sai dai wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi da abokan aikinsu na Niyok, aka buga a 2021, ya samu irin a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tsokokin 'yan Najeriya da suka gwada, kusan ninki biyu na abin da aka saba gani a Amurka. A kudu maso yamma aka yi binciken, amma ya isa dalilin da zai sa duk ɗan ƙasar nan mai wannan ciwo, balle ɗan shekara 44, ya nemi gwajin. Ba zan ɓoye miki ba, maganin yana da tsada ƙwarai, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Amma in har za a taɓa dukiya, gara a taɓa ta a kan abin da gwaji ya nuna zai yi wa shi wannan mutumin aiki.

Gwaji na biyu kuwa yana hana asara. Akwai magani mai tsada, cetuximab, da ba ya aiki idan KRAS ko NRAS ta lalace. Sanin haka kafin a saya ya fi saninsa bayan an saya.

Tambaya ta uku da za ki yi wa likitan ita ce ko tabon nan biyu za su yanku. Mutane da yawa da zarar sun ji "ya kai hanta" sai su ɗauka an gama. A kansar babban hanji ba lallai ba ne. Idan tabon kaɗan ne, a wurin da wuƙa za ta kai, kuma babu wani a wani wuri, akan yi kemo a rage su sannan a yanke ɓangaren hantar, hanta kuma tana sake tofowa. Da yawa daga waɗanda aka yi wa haka sun haura shekara 5, wasu sun rabu da ciwon. Ko maigidanki yana cikinsu, hotonsa da likitan tiyatar hanta ne za su faɗa. In ta kama a fita waje don wannan aiki ko don jin ra'ayin wani ƙwararre, likitansa ya rubuta takarda zuwa sanannen asibiti, asibitin ya duba hotuna da sakamakon tsoka ya ba da amsa a rubuce, kuɗi kuma asusun asibitin za su shiga, ba na wani mutum ba.

Sai maganar gida, wadda na san ita ta fi hana ki barci.

Kada ki riƙe Yaya Babba da Hajiya a zuci. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Hajiya ɗanta take gani yana narkewa, maganar gado da ta yaɓa miki zafin ciwo ne ya fito ta inda ya samu ƙofa. Ta yi miki ciwo, na sani. Amma in kika tsaya kare kanki, zancen zai tashi daga magani ya koma kan halinki, a nan kuwa suruka ba ta cin nasara. Ki cire bakinki daga "a sayar" da "kada a sayar". Ki samu Yaya Babba cikin ladabi ki ce masa, "Yaya, ni ban ƙi ba, amma tunda kai ne babba, ka raka mu wurin likita ka nuna masa bidiyon da hannunka." Ki roƙe shi kuma ya nemi abu huɗu a rubuce daga wurin mutumin: sunan maganin na ainihi, hukumar ƙasar da ta amince da shi don kansar babban hanji, mujallar da aka buga sakamakonsa, da lambar rajistar gwajin in gwaji ne. Gwaje-gwaje da yawa na duniya suna da rajista a shafin ClinicalTrials.gov da lamba mai farawa da NCT, ko da yake samun suna a can ba shaidar inganci ba ne, rajista ce kawai. Na fi zaton amsar da za ta dawo ita ce ƙarin bidiyo da "gurbi ya kusa cika". Idan Yaya ya ga haka da idonsa, ba ke kika kayar da maganarsa ba.

Abin da ban yarda da shi ba a tsarinku, har da ke a ciki, shi ne ɓoye wa maigidan. Mutum ne mai hankalinsa, jikin nasa ne, gidan nasa ne, yaran nasa ne. Ana shirin sayar da rufin da ya gina da kuɗin keken ɗinki, ana shirin tsayar masa da magani, shi kaɗai ne bai san dalili ba. Kuma ina tabbatar miki ya fi ku sanin jikinsa. Sau da yawa majinyaci ya riga ya gane, yana shiru ne don ya ga kuna ɓoyewa, kowa na tausayin kowa, kowa na kuka shi kaɗai. Ba na cewa ki faɗa masa a tsaye bagatatan. Ki sanar da likitansa tun kafin ranar, ya zaunar da shi, ya fara tambayarsa iya abin da yake so ya sani, ke da Yaya kuna gefe. Wataƙila yana da bashin da yake so ya biya, ko wasiyyar da yake so ya bari, ko kuma ra'ayi mai ƙarfi a kan gidan da zai kashe gardamar nan take. In yana jin zafi kuma a faɗa wa likita a ba shi maganin da ya isa, har da mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, in ta kama. Shan sa ba alamar an sallama ba ne.

Akwai saƙo kuma ga shi Yaya Babba kansa. Wanda ɗan uwansa na jini ya kamu da kansar babban hanji yana ɗan shekara 40 da 'yan kai, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Shawarar likitoci ita ce iyaye da 'yan uwa da 'ya'yan majinyaci su fara zuwa a leƙa hanjinsu da na'ura tun suna shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan Yaya ya ma makara, yaranku kuma za su fara da sun ɗan haura 30. In gwajin MSI ya nuna alama, za a duba ko ciwon irin na gado ne da ake kira Lynch, wanda kowane ɗan uwa da kowane ɗa yake da rabin yiwuwar ɗauka, a nan kuwa tun daga shekara 20 zuwa 25 ake fara dubawa. Yawancin kansar hanji daga ɗan tsiro take farawa, ta yi shekaru kafin ta rikiɗe, kuma ana iya tsinke tsiron a lokacin leƙen. Ranar da za ku je wurin likita, bayan an gama maganar maigidan, ki ce a gaban Yaya, "Likita, su 'yan uwansa fa?" Ki kuma tambayi Hajiya a hankali, wata rana da ranta ya yi sanyi, ko a danginsu akwai wanda aka taɓa cewa basir mai jini ne ya kashe shi.